Wuta Ta Mutu, Tukunya Na Tafasa: Yadda Ake Kashe Mota a Zafin Bazara

Tambayi duk macen da ta saba da murhu, za ta gaya maka cewa janye itace ba ya hana tuwo kamu. Wuta ta mutu, amma duwatsun murhu da gindin tukunya sun riga sun ƙoshi da zafi, in aka ajiye muciya a daidai lokacin, ƙanzo ne zai biyo baya. Injin mota ma haka yake. Direbobi da yawa suna ɗauka cewa da zarar an zare mukulli shi ke nan mota ta shiga hutu, alhali a mintunan da ke biyo baya ne wasu sassanta suke shan zafin da ba su sha ba lokacin da take gudu.

A watan Afrilun bara na raka ɗan yayana duba gonarsa ta shinkafa a yankin Bunkure. Motarsa Marsandi ce C200 Kompressor, 'yar Kwatano. Mun baro Kano bayan azahar, kawalwalniya na rawa a kan titin Zariya, ya ƙure na'urar sanyi, ya kuma taka mota yadda ransa ke so. Da muka iso Karfi sai ƙamshin gasasshiyar masara ya tsayar da mu. Ya ci birki, ya kashe mota nan take. Ba mu yi minti goma ba sai yaron da ke mana fifitar gawayi ya ce, "Alhaji, motarka fa tana zubar da ruwa." Ya ɗaga bonet, ya kai hannu zai murɗe murfin tankin ruwa, sai wani dattijon direban J5 da ke ɗaure kwanduna a gefe ya daka masa tsawa.

"Kai, ɗan nan! Janye hannunka in kana son fuskarka."

"Baba, ai a kashe take."

"A kashe take, amma yanzu take dahuwa."

Maganar dattijon nan ita ce shawararmu, musamman ga masu zirga-zirga a gonakin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ke tara motoci da taraktoci da injinan ban ruwa a daidai watannin da rana ta fi ƙuna.

Me ke faruwa a ƙarƙashin bonet?

Man da inji ke ƙonawa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama ƙarfin da ke juya taya. Sauran duk zafi ne: wani ya fita ta salansa, wani ruwa da baƙin mai su kwashe shi. Muddin inji na aiki, famfon ruwa yana zagayawa da ruwan tsakanin inji da lagireto, iska na ratsa lagireton, zafin ruwan ya tsaya a wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas.

Kana kashewa, famfon ya tsaya, iska ta ɗauke. Amma ƙarfen tof ɗin inji da bakin salansa suna nan da zafinsu, wanda ya ninka na ruwan. Zafin ba shi da mafita sai cikin ruwan da ya tsaya cik a kusa da shi. Shi ya sa in ka kashe mota ka dawo bayan minti goma ka murɗa mukulli, za ka ga allurar zafi ta haura inda ka bar ta. A sanyin Disamba iskar waje tana taimakawa a huce da wuri. A Maris da Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 ko ya ɗara, iskar da za ta kawo agajin ita ma tana neman mai yi mata fifita.

Abin da ke hana ruwan tafasa abu biyu ne. Na farko murfin lagireto, ko na tankin ruwa, wanda ke riƙe matsi a ciki. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, a Kano ma ƙasa da haka kaɗan saboda tudu, amma lafiyayyen murfi yana ɗaga wannan iyaka zuwa wajen digiri 120. Na biyu ruwan kulan, wato ruwan nan mai launi da ake haɗawa da ruwa rabi da rabi, wanda ke ƙara wasu digirori a kai, ya kuma hana tsatsa. In murfi ya saki, kuma ruwan rijiya ne a ciki, mota tana iya yin tafiyarta lafiya lau, sai an tsaya ta yi amai.

Zugazugi iri biyu

Wuta ba ta ci sai da iska, maƙeri ya san haka, shi ya sa yake da zugazugi. Injin mota ma ana yi masa zugazugi don a cusa masa iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa, ya ƙona mai da yawa, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Iri biyu ne, kuma kowanne da irin abin da zafi ke yi masa.

Na farko sufacaja, wadda bel ke juyawa daga jikin inji. Ita ce Marsandi ke rubuta wa Kompressor a bayan mota, kamar a jerin C-Class na 2000 zuwa 2007 da suka cika titunanmu, ita ce kuma a wasu manyan Range Rover. Asalin irin wadda ke cikin waɗannan motoci zugazugin maƙera ne na gaske: wasu 'yan'uwa biyu masu suna Roots a jihar Indiyana ta Amurka ne suka yi rajistar fasahar a 1860, aka riƙa hura tandun narka ƙarfe da ita. Sufacaja ba ta hulɗa da hayaƙin salansa, saboda haka kashe mota farat ɗaya ba ya ƙona ta. Matsalarta ita ce jikinta na alminiyom ne, a manne da inji, tana tsotse zafi kamar yadda soso ke shan ruwa. Haka ma intakula, ƙaramin lagireton da aikinsa shi ne sanyaya iskar kafin ta shiga inji. In ka dawo ka tayar da mota, iskar da za ta shiga zazzafa ce, zazzafar iska kuwa ba ta da kauri: wadda ta kai digiri 65 ta gaza mai digiri 25 nauyi da kusan kashi 12 cikin ɗari. Ƙwaƙwalwar motar tana jin wannan zafi, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don kada inji ya yi ƙara ya lalace. Kai kuma ka taka totur ka ji mota ta yi nauyi kamar an ɗaura mata buhunan taki. Ba ciwo ba ne, kare kanta take yi, kuma 'yan mintuna na tafiya cikin iska suna warware shi.

Na biyu turbo, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Siwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905. Shi hayaƙin salansa ne ke juya shi, kuma shi ya fi yawa a wajenmu: Hilux mai shan gas, Sharan da Golf masu TDI, manyan motocin dakon shinkafa, taraktoci da yawa, da sababbin ƙananan motoci. Sandarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a cikin hayaƙin da ke wuce digiri 600 a injin gas, ya kai 900 a na fetur in an matsa masa. Abin da ya raba sandar da ƙarfen da take juyawa a ciki shi ne siririn baƙin mai da famfo ke turowa. Ka kashe mota turbo na tsakiyar zafinsa, man ya daina zuwa, ɗan wanda ya rage a ciki ya soye ya zama ƙanzo. Ƙanzon yau da na gobe su taru su toshe hanyar mai. Wata rana sai ka ji kuka kamar jiniya, shuɗin hayaƙi na bin ka a baya, mota na shan baƙin mai, makanike ya ce a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani turbon.

Kafin ka zare mukulli

Sanyaya inji tun a hanya ake fara shi. In ya rage saura kilomita biyu ko uku ka isa, sassauta ƙafa, ka kashe na'urar sanyi, ka bar mota ta gangara a hankali. Iskar da ke ratsa lagireto a tafiyar sannu tana kwashe zafin. Wanda ya sauka daga kwalta ya bi hanyar gefen kanal a giya ta biyu ba tare da kaya ba, ya riga ya yi rabin aikin.

Da ka tsaya, in motarka mai turbo ce kuma daga gudu ko hawa ko dakon kaya kake, bar ta a silo minti ɗaya zuwa biyu. Babbar mota da ta sha lodi, ko taraktar da ta wuni tana haro, a ba ta minti uku zuwa biyar. Mai sufacaja, da motar da ba ta da ko ɗaya, rabin minti zuwa minti ɗaya ya wadatar don ruwa ya kwashe zafin tof. Kada kuma a zarce: barin mota a silo rabin awa cikin rana ƙona mai ne kawai, kuma ƙara dumama ƙarƙashin bonet ne.

Akwai wata al'ada da ya kamata a binne ta: a buga totur vuum sannan a kashe mota, wai don batir ya cika ko mai ya hau. Babu abin da ke cika. Abin da ka yi shi ne ka zuga turbo ya ɗauki gudu, sannan ka yanke masa mai yana tsakiyar juyawa.

Inda za ka ajiye ta

Nemi inuwa, ko ta darbejiya ce ko ta mangwaro, ka juya hancin mota ya fuskanci inda iska ke busowa. In a gonarka kake, idonka na kan motar, ɗaga bonet, domin zafi sama yake nema, buɗe masa ƙofa kawai ya rage.

Abin da ya fi inuwa muhimmanci shi ne abin da ke ƙarƙashin motar. A ƙarshen Maris da Afrilu, bayan an yanke alkama a Kadawa da kewaye, tattaka tana ko'ina a bakin gonaki, ga tsibin ɓuntu a bayan injinan casar shinkafa na Kura. A jikin salansar motocin zamani akwai tukunyar tace hayaƙi da zafinta ke haura digiri 400. Busasshiyar tattaka ba ta buƙatar ashana in ta samu wannan. Gara ka ajiye mota a kan tsurar ƙasa cikin rana da ka ajiye ta a inuwa a kan ciyawa. In ka ratsa cikin gona, leƙa ƙasa ka cire duk abin da ya naɗe a salansa.

Bayan ka kashe

Kada ka buɗe murfin ruwa. Matsin da ke ciki shi ke riƙe da ruwan da ya wuce digiri 100, kana sassauta murfin zai zama tururi ya yi tsalle zuwa fuska da ƙirji. Jira aƙalla rabin awa. Matsa babban tiyon sama da tsumma: in yana da tauri kamar tayar keke, da saura. In ya yi laushi, ɗora tsumma mai kauri a kan murfin, ka murɗa kaɗan, ka bar iska ta gama fita.

Kada ka ɗebo ruwan kanal ka sheƙa wa inji. Kowa ya san abin da ke samun kofin gilashi mai zafi in aka zuba masa ruwan randa. Tof na alminiyom yana lanƙwashewa, bakin salansa yana tsagewa, ga wayoyi da na'urorin lantarki da ba sa shiri da ruwa. Haka nan kada a ɗura ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa ya ƙafe, sai ya huce.

In ka ji fanka na ci gaba da kuka bayan ka zare mukulli, rabu da ita. Motoci da yawa, irin su Volkswagen da Peugeot, an ƙera su ne fankar ta yi ta aiki na wasu mintuna, wasu masu turbo ma har da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa. Na sha ganin mutum ya cire kan batir wai mota ta yi shot, bai san ya kori mai yi masa fifita ba. Sai in ta wuce kwata ɗin awa ba ta yi shiru ba ne za a nemi mai wayarin.

Da ka dawo za ka tafi

Tayar da ita, ka sa ido a kan ma'aunin zafi. In allura ta ɗan haura, amma cikin minti ɗaya ko biyu ta sauko inda ta saba zama, lafiya ce, ruwan da ya huce a lagireto ne ya zagayo. Tashi a hankali, kada ka nemi wuce tirela a kilomita biyun farko, musamman mai sufacaja.

Tsofaffin motoci masu kafireto, irin J5 ɗin da ke jigilar tumatir daga Kwanar Gafan, nasu salon daban ne. Wani ɓangare na fetur yana fara zama tururi tun a wajen digiri 40, sai zafin inji ya tafasa wanda ke cikin kafireto, mota ta ƙi tashi. Kada a yi ta famfa totur, ƙara shaƙe ta ake yi. Taka shi har ƙasa ka riƙe, ka yi kik na daƙiƙa goma, ka huta, ka sake.

Ga alamun da ke cewa abin ya wuce zafin tsayuwa: allura ta ƙi saukowa ko ta doshi ja, ruwa yana raguwa kullum, kumfa na tasowa a tankin ruwa, farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Waɗannan maganar gaskit ce ko yoyo, gareji za a nufa, ba gona ba. In kuma kana cikin tafiya tururi ya taso daga bonet, babu zancen silo, gangara gefe ka kashe nan take.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tun Fabrairu ya kamata a shirya wa bazara. Fara da fuskar lagireto. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka suna toshe ƙananan ramukansa, su cushe tsakaninsa da na na'urar sanyi da intakula, inda ido ba ya gani. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota mai feshi yana kwantar da siraran ganyayyakin. A kakkaɓe matatar iska, in ta gaji a sauya.

Sannan ruwan da ke ciki. Ruwan kanal yana da laka, na rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse irin wanda kake gani a gindin butar shayi. A zuba kulan irin wanda littafin motar ya ambata. In larura ta sa ka ƙara ruwan leda a hanya, ba laifi, amma a gyara haɗin in an dawo gida. Duba robar murfi, in ta tsage ko ta bushe a sayi sabo mai lamba irin ta tsohon. A taɓa tiyo-tiyo, wanda ya kumbura ko ya yi taushi kamar ayaba a cire shi, domin a lokacin tsayuwa matsi ke kaiwa ƙarshe, a nan ne rarraunan tiyo ke fashewa. Baƙin mai kuwa, mai turbo ba ya son na awo a galan marar suna. A sa mai kyau, a yi juye a kan kari, a ƙurar gona ma a riga lokacin.

Sai babbar maganar: cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye. Da mota ta iso daga Kwatano sai a ce ai wannan kayan ƙasar sanyi ne, a cire. Garin gyaran gira ake rasa ido. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya kai digiri 80 da wani abu, da ta buɗe kuma ba ta tare komai. In babu ita, da safiyar hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa, sai ya yi ta shan mai yana cin jikinsa. A wasu injinan ma ita ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya kauce wa lagireto, in an cire ta sai zafin ya ƙaru. Fankar da aka haɗa da mukulli kuwa tana mutuwa tare da inji, a daidai lokacin da aka fi bukatarta. In mota na ɗaukar zafi, akwai dalili, a nemo shi.

Injin ban ruwa ma inji ne

Manomin da ba shi da mota bai tsira daga wannan darasi ba. Ƙaramin injin ban ruwa iska ce ke sanyaya shi, fankarsa kuma a jikin inji take, yana tsayawa ta tsaya. Bayan ya wuni yana jan ruwa, rage masa wuta ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, amma tiyo na cikin ruwa, don famfon da ya juya a bushe yana ƙone abin da ke hana shi yoyo. Rufe makunnin mai. Yi masa 'yar rumfa da zana, ba tare da toshe masa iska ba. Kada kuma a zuba fetur yana da zafi, tankin yana dab da salansa ne, ɗigo ɗaya ya isa.

Motar ɗan yayana, da aka duba, ba gaskit ba ne. Robar murfi ce ta bushe, kuma ruwan famfo zalla ne a cikinta tun ranar da aka sayo ta. Aka sa sabon murfi, aka wanke lagireto, aka zuba kulan. Da muka koma yankan shinkafa, tun kafin Karfi na ji ya sassauta ƙafa ya kashe na'urar sanyi. Ya tsaya a gindin bishiya, ya tattara wayarsa, ya gyara zaman hularsa a madubi, sannan ya murɗa mukulli. Muka ci masararmu a tsanake. Da za mu tashi na sunkuya na leƙa ƙarƙashin motar, ƙasa a bushe take ƙamas.